Yadda Ake Aiki da Lambobin Kuskure a Manhajar AutoCAD

Mai zanen gini ko safiyo da ke zaune gaban AutoCAD layuka yake gani, da da'irori, da rubutun awo. Wanda ke rubuta wa AutoCAD ƙarin manhaja kuwa rumbun bayanai yake gani, inda kowane layi abu ne mai lambar shaidarsa, mai leyar da yake zaune a kai, mai ƙa'idar buɗewa da rufewa. Kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982, ya ƙara masa harshen AutoLISP a 1986, ya buɗe ƙofar ADS ta harshen C a 1990, daga baya ARX ta harshen C++ ta zo, wadda aka sani yau da ObjectARX, sannan COM da .NET suka biyo baya. Waɗannan ƙofofin su ne API, wato hanyoyin da manhajarka ke bi ta roƙi AutoCAD ya yi mata wani aiki. Duk roƙon da ya bi ta ɗayansu da amsa biyu yake dawowa: abin da aka nema, da bayanin ko an same shi. Wannan bayani na biyu shi ne lambar kuskure. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, babban amfanin lambar shi ne ta nuna maka a hannun wa matakin gaba yake: mai zane, ko zanen kansa, ko AutoCAD da bai sarara ba tukuna, ko kuwa kai da ka rubuta manhajar. Wanda ya tara duk lambobin a kwando guda ya kira su "an samu matsala" ya zubar da rabin amsar da aka ba shi.

Kafin a kai ga rarraba su, sai an san yadda nasara take kama a kowace ƙofa, domin ba kamanni ɗaya gare ta ba, kuma a nan sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. A ObjectARX, yawancin kiran da ke taɓa rumbun bayanai suna dawo da ɗaya daga jerin Acad::ErrorStatus da ke cikin fayil ɗin acadstrc.h, kuma nasara a wurinsu ita ce eOk, wadda darajarta sifili ce. Amma kiran da aka gada daga ADS, irin su acedGetPoint da acedSSGet, wani jeri suke amfani da shi daga adscodes.h, inda nasara ita ce RTNORM mai daraja 5100, gazawa RTERROR mai -5001, sokewa RTCAN mai -5002, amsa ta wofi RTNONE mai 5000. Duba abin da wannan ke haifarwa. Wanda ya saba da cewa sifili ne lafiya, ya rubuta sharaɗin "in amsar ba sifili ba ce a tsaya", zai tarar da manhajarsa tana tsayawa duk lokacin da acedGetPoint ya yi aiki daidai. Wanda ya juya sharaɗin, ya ɗauki duk abin da ba sifili ba a matsayin nasara, zai ci gaba da zana layi zuwa ɗigon da mai zane bai taɓa zaɓa ba, domin babu ko ɗaya cikin waɗannan lambobin RT da ke sifili. A COM kuma ƙa'idar HRESULT ce ke aiki: lambar da ke ƙasa da sifili gazawa ce, sifili da abin da ke sama nasara ne, shi ya sa S_FALSE mai daraja 1 ba kuskure ba ce. AutoLISP shi kuma sau da yawa nil kawai yake miƙo maka. Ƙa'idoji huɗu ke nan a cikin manhaja ɗaya. Saboda haka dokar farko ita ce a kwatanta amsa da sunanta, eOk ko RTNORM, kada a kwatanta ta da alƙaluma, kuma a ajiye kowane jeri a irin ma'ajinsa, kada ma'aji guda ya karɓi ErrorStatus yanzu ya karɓi lambar RT an jima.

Rukunin farko na lambobin ba kuskure ba ne ko kaɗan, nufin mai zane ne. Idan manhajarka ta ce masa ya zaɓi ɗigo ya danna Esc, RTCAN za ta dawo, kuma ma'anarta ya fasa. Abin da ya kamata a nan shi ne a mayar da komai yadda aka same shi a fita shiru, ba akwatin gargaɗi, ba jan rubutu. Idan ya danna Enter ba tare da ya zaɓi komai ba, RTNONE ce, kuma a al'adar AutoCAD wannan kan nufi "na gama" ko "ɗauki abin da aka saba". Idan ka ba shi zaɓin kalmomi ta acedInitGet ya rubuta ɗaya, RTKWORD ce mai -5005, sai ka kira acedGetInput ka karanta wacce ya zaɓa. Lambar tana ƙasa da sifili, tana zaune a jeri ɗaya da RTERROR, amma babu abin da ya lalace. Manhajar da ke yi wa mai zane ihu duk lokacin da ya danna Esc tana koya masa ya daina karanta saƙonninta, kuma ranar da saƙon gaskiya ya fito zai rufe shi bai duba ba.

Misalin da ya fi nuna wannan a fili yana cikin AutoLISP. Kiran entsel yana jiran mai zane ya danna kan abu ɗaya. Idan ya yi niyyar layin katanga hannunsa ya ɗan goce ya danna fili, nil ke dawowa. Idan ya danna Enter don ya gama, nil ɗin ce dai ke dawowa. A ido amsa ɗaya ce, amma mutum na farko so yake a sake ba shi dama, na biyu so yake a sallame shi. Bambancin yana cikin ma'ajin ERRNO: 7 na nufin an danna ba a samu komai ba, 52 na nufin amsa ta wofi. Yadda ake yi shi ne, a sa ERRNO ya zama sifili da setvar kafin kiran, a kira entsel, sannan nan take a karanta shi da getvar. In 7 ce, a rubuta "ba ka sami komai ba, sake gwadawa" a layin umarni a koma farkon zagaye. In 52 ce, a fita. Sa sifilin nan da farko ba ado ba ne. ERRNO ba ya share kansa bayan kowane kira da ya yi nasara, saboda haka 7 da ka tarar a ciki tana iya zama ragowar wani danni da ya goce tun ɗazu, a wata manhajar ma da ba taka ba. Wanda ya san errno na harshen C ya san wannan hali: ana duba shi ne bayan kira ya nuna ya gaza, kuma nan take, kafin wani kiran ya taka sawun.

Rukuni na biyu shi ne halin da zanen yake ciki, kuma a nan ne mafi yawan aikin yake. Zanen da zai zo hannun manhajarka ba kai ka zana shi ba. Ya bi ta hannun mai tsara gini, ya bi ta hannun injiniyan lantarki, wani ya kulle leyoyi, wani ya goge abubuwa, wani ya kwafo bulo daga tsohon aiki da sunayen leyoyinsa. Idan ka nemi buɗe abu don gyara alhali yana kan leya a kulle, eOnLockedLayer za ka samu. Idan ka riƙe lambar shaidar wani abu aka goge shi kafin ka dawo gare shi, eWasErased ce, domin AutoCAD ba ya fitar da abin da aka goge daga rumbu nan take, alama yake sa masa don umarnin UNDO ya iya dawo da shi. Idan ka nemi leya ko wata shiga a ƙamusun zanen da sunan da babu shi, eKeyNotFound ce. Idan ka yi ƙoƙarin ƙirƙirar leya da sunan da ya riga ya wanzu, eDuplicateRecordName. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke nuna rubutunka ya karkace, kuma kowacce tana da amsar da ta dace da ita. eKeyNotFound a kan leyar da kake buƙata sau da yawa tana nufin "ƙirƙire ta". eDuplicateRecordName tana nufin "yi amfani da wadda ke nan". eWasErased tana nufin "tsallake, ka cire shi daga jerinka". Ɗan aiken da ya dawo daga kasuwa ya ce maka kawai "ban samo ba" bai taimake ka ba. Sai ya ce shagon a rufe yake, ko kayan sun ƙare, ko kuɗin bai kai ba, sannan za ka san ko jira za ka yi, ko wani shagon za ka tura shi, ko ciko za ka ba shi.

Leya a kulle ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin a nan ake gane mai hankali. API ɗin ya ba ka damar tsallake makullin: kiran GetObject na .NET yana da zaɓin da ke buɗe abu don gyara ko da leyarsa a kulle take. Yana da sauƙi mutum ya kunna wannan zaɓi a ko'ina don lambar ta daina damunsa. Amma wanda ya kulle leyar da dalili ya kulle ta. Wataƙila iyakar fili ce da safiyo ya auna, wadda bai kamata wani ya matsar da ita ko da taku ɗaya ba. A ganina manhajar da aka ce ta sauya girman rubutu a abubuwa ɗari huɗu, ta tarar talatin suna kan leya a kulle, abin da ya dace ta yi shi ne ta gyara sauran, ta ƙirga waɗanda ta bari, ta faɗa a ƙarshe cewa abubuwa talatin a leya kaza ba a taɓa su ba saboda tana kulle. Shawarar buɗe ta ta mai zane ce. Lambar ta kawo maka labarin wata niyya ta mutum, kuma danne ta daidai yake da yanke hukunci a madadinsa bai sani ba.

Akwai ƙaramin rukuni na uku da ya shafi lokaci. Manhajar da ke magana da AutoCAD daga waje ta COM, misali daga Excel, kan ci karo da RPC_E_CALL_REJECTED, mai lamba 0x80010001, idan AutoCAD na tsakiyar wani aiki ko akwatin tattaunawa yana buɗe. Roƙon ba shi da aibi, lokacinsa ne bai yi ba. A jira kaɗan a sake aikawa, amma a sa iyaka ga yawan maimaitawar, don kada manhajar ta sandare tana jiran akwatin da babu mai rufe shi.

Rukuni na huɗu shi ne naka, kuma shi ne wanda bai kamata a yi wa kwaskwarima ba. ObjectARX yana da ƙa'ida mai tsauri: ana buɗe abu don karatu ko don rubutu, masu karatu har 256 na iya riƙe shi lokaci guda, amma mai rubutu ɗaya ne tak, kuma duk wanda ya buɗe dole ya rufe. Idan ka samu eWasOpenForWrite, kusan kullum ma'anarta wani sashe na rubutunka ya buɗe abin bai rufe ba. Idan eAtMaxReaders ce, wataƙila wani zagaye ne ke buɗewa yana wucewa ba ya rufewa. Idan eNullObjectId ce, ka miƙa lambar shaidar da ba a taɓa cike ta ba, kuma galibi asalin hakan wani kira ne can baya da ya gaza ba ka duba ba. eLockViolation tana fitowa idan ka taɓa zanen daga tagar da ke zaune a gefe ba ta tare mai zane, ba tare da ka fara kulle takardar da LockDocument ba. Mafi tsananinsu eNotOpenForWrite: ka buɗe abu don karatu sannan ka yi ƙoƙarin sauya shi. A C++ wannan ba ya dawo maka da lamba cikin ladabi, AutoCAD kan rufe kansa ne da saƙon kuskure na ciki, aikin da mai zane bai ajiye ba ya shiga haɗari. Waɗannan lambobin ba a sake gwada su, ba a tsallake su. Ana tsayawa, a soke abin da aka fara, a rubuta su a kundin aukuwa da cikakken bayani, a je a gyara rubutun. Wanda ya ga eWasOpenForWrite ya ƙara sharaɗin "in ta fito a wuce" ya bar abin a buɗe, kuma matsalar za ta sake ɓullowa a wani wuri mai nisa inda babu wanda zai danganta ta da asalinta.

Bari mu bi aiki guda daga farko zuwa ƙarshe, domin a ga inda lambar ke yanke hukunci a kan abin da ya fi saƙo muhimmanci. Kana so ka ƙara layi a zane da C++. Ka ƙirƙiri AcDbLine da new, yana zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta, mallakinka ne. Ka buɗe teburin bulo don karatu, ka duba amsa. Ka nemi rikodin Model Space don rubutu, ka duba amsa, ka rufe teburin tun da ka gama da shi. Sai ka kira appendAcDbEntity. In eOk ta dawo, layin ya zama mallakin rumbun bayanai, abin da ya rage maka shi ne ka kira close a kansa, kuma haramun ne ka goge shi da delete, domin yin haka na rusa AutoCAD. In wata lamba ce ta dawo, layin bai shiga ba, har yanzu naka ne, kai za ka goge shi da delete, in ba haka ba ƙwaƙwalwar da ya ci ta tafi ke nan. Abu ɗaya, hanyoyin sallama biyu masu karo da juna, kuma lambar kuskure ce kaɗai ke gaya maka wacce za ka bi. Haka nan in neman rikodin Model Space ne ya gaza, sai ka tuna teburin da ka buɗe kafin nan yana jiran a rufe shi kafin ka fita. Mafi yawan ɓarnar da ake yi a wannan sana'a a irin wannan fitar gaggawa take faruwa, inda aka duba lambar, aka fita daidai, amma aka manta da abin da ke buɗe a baya.

Za a iya cewa, kuma ana faɗa, wannan dubawa bayan kowane kira tana kumbura rubutu, har aikin layi biyar ya koma talatin, asalin manufar ta nutse cikin sharuɗɗa. Ƙorafin gaskiya ne. Amma maganinsa a tsarin rubutu yake. ObjectARX ya tanadi AcDbObjectPointer, wanda ke buɗe abu idan an ƙirƙire shi ya kuma rufe shi da kansa idan an fita daga sashen, ta kowace ƙofa aka fita. Abin da ya rage maka shi ne ka tambayi openStatus sau ɗaya. Da wannan, fitar gaggawa ta zama layi guda mara haɗari. Ana kuma iya tattara ayyukan da ake maimaitawa, kamar "samo leya ko ka ƙirƙire ta", a aiki guda da ke haɗiye eKeyNotFound a cikinsa, domin a nan ne ake da masaniyar ma'anarta, ya miƙa duk wata lamba sama ba tare da ya sauya ta ba. Wannan miƙawa tana da muhimmanci. Aikin da ya karɓi eOnLockedLayer ya mayar da ita "ƙarya" ko -1 kafin ya miƙa wa na sama da shi ya talauta wanda zai yanke hukunci. A warware lamba a matakin da aka san abin yi da ita, in ba a sani ba a wuce da ita yadda take.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi. Masu aiki da .NET za su ce an wuce zamanin lambobi, yanzu jefa kuskure ake yi a cafke shi, kuma tsarin Transaction yana soke komai da kansa in ba a kira Commit ba. Rabin maganar daidai ne, kuma ci gaba ne na gaske: abin da aka buɗe ta Transaction ba ya zama a buɗe bayan an sallame ta, kuma kuskuren da aka jefa ba ya wucewa shiru yadda lambar da ba a duba ba ke wucewa. Sai dai lambobin ba su je ko'ina ba. Abin da AutoCAD ke jefowa, wato Autodesk.AutoCAD.Runtime.Exception, ɗauke yake da ErrorStatus a cikinsa, jerin nan dai na C++, kuma ba za ka bambance leya a kulle da abin da aka goge ba sai ka karanta shi. Bugu da ƙari, kiran da ke tambayar mai zane ba sa jefa komai. GetPoint da GetEntity sakamako suke dawowa da shi mai ɗauke da PromptStatus, wanda zai iya zama OK ko Cancel ko None ko Keyword ko Error, wato lambobin RT ne suka sauya riga. Masu tsara API ɗin sun bar su haka ne domin danna Esc abu ne na kullum da ake sa ransa. Wanda bai duba Status ba ya ɗauki Value kai tsaye zai yi aiki da ɗigon da ba kowa ya ba shi, kuma babu abin da za a jefo masa ya farkar da shi.

Daga wannan ƙorafin ne wata mummunar ɗabi'a ke fitowa: a naɗe umarni gaba ɗaya cikin tarko guda da ke cafke kowane irin kuskure ya yi shiru. A .NET ana yin haka da System.Exception da sashen catch na wofi. A AutoLISP ana yi da vl-catch-all-apply ba tare da an tambayi vl-catch-all-error-p ba. Masu yi suna cewa gara manhaja ta yi shiru da ta tsorata mai zane. Ban yarda ba, kuma dalilina yanayin aikin ne. Zane takarda ce da za a gina abu a kanta. Manhajar da ta lissafa faɗin ɗakuna ashirin, ta gaza a uku, ta yi shiru, ta ba da jimillar goma sha bakwai kamar ta ashirin ce, ta fi wadda ta tsaya ta ce ta kasa haɗari nesa ba kusa ba, domin jimillar za ta shiga lissafin tayil da siminti babu wanda ya san da giɓi a cikinta. Tarko na waje yana da gurbinsa, shi ne ya hana kuskuren da ba a zata ba kaiwa ga AutoCAD, amma aikinsa ya soke, ya rubuta, ya faɗa. Shi kuwa vl-catch-all-apply a naɗa shi a kan kira ɗaya da aka san yana iya gazawa, kamar neman wata shiga a tarin COM da vla-item, a duba sakamakon, in kuskure ne a karanta vl-catch-all-error-message.

Tsaftace wuri bayan gazawa a AutoLISP yana da tasa hanya, kuma masu zane sun fi jin raɗaɗin sakacinta fiye da kowane abu. Ƙaramar manhaja kan kashe OSMODE don kada linzami ya riƙa manne wa kusurwoyi yayin da take zana nata, ta kashe CMDECHO don layin umarni ya yi shiru. In mai zane ya danna Esc a tsakiya, AutoLISP na tsallakewa kai tsaye zuwa aikin *error*, layukan ƙarshe da ke mayar da saitin ba za a taɓa kai musu ba. Sai mutum ya ci gaba da zane yana mamakin me ya sa layukansa ba sa haɗuwa a kusurwa. Saboda haka kowane umarni ya ajiye tsofaffin darajojin tun farko, ya ayyana *error* nasa na cikin gida wanda zai mayar da su, ya rufe alamar UNDO da ya buɗe da StartUndoMark, ya rufe duk fayil da ke buɗe. A cikin *error* ɗin ma rarrabewar nan tana nan: saƙon "Function cancelled" ko "quit / exit abort" fasawa ce, a yi shiru a kanta, duk wani saƙo daban a nuna shi.

Saura batun abin da za a nuna wa mai zane. Wasu na ganin sunaye irin su eWasOpenForWrite ba su da amfani gare shi, kuma da gaskiyarsu in su kaɗai aka nuna. Amma ɓoye su gaba ɗaya na barin wanda zai gyara manhajar cikin duhu, domin abin da zai zo masa daga ofis shi ne "abin nan ya ƙi yi". Saƙo mai kyau yana faɗin abin da ake ƙoƙarin yi, da abin da ya hana, da abin da mai zane zai iya yi, da harshen da yake ji, sannan ya liƙa sunan lambar a ƙarshe. A C++ kiran acadErrorStatusText yana mayar da lamba zuwa sunanta, a .NET kuma ErrorStatus kansa yana rubuta sunansa. A kundin aukuwa kuwa a ƙara sunan fayil ɗin zanen, da sigar AutoCAD, da sunan umarnin, da handle na abin da aka gaza a kansa. Handle ya fi ObjectId, wato lambar shaidar abu, amfani a nan, domin ObjectId na sauyawa duk lokacin da aka sake buɗe zanen, shi kuwa handle yana ajiye a cikin fayil ɗin. Da shi mai gyara zai buɗe zanen da aka turo masa, ya kira handent a layin umarni, ya sauka kan ainihin layin da ya jawo matsalar, ya ga ko leyarsa a kulle take, ko an goge shi, ko kuwa zanen ne ya samu rauni har yana buƙatar umarnin AUDIT kafin a zargi manhajar.